Birkin Baffa

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na rataya jakar kwamfuta na nufi Dutse Alhaji, wai zan je in wayar wa danginmu da kai. Har yau in abin ya faɗo mini sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, ko da ni kaɗai ne a cikin mota.

Bari in fara da gaskiyar da ba na son faɗa: ni ba likita ba ne. A gida dai Dakta ake ce mini, tun wani hutu da na dawo daga jami'a da farar rigar ɗakin gwaji na rataye ta a bakin ƙofa inda kowa zai gani (wai shanya na yi, alhali rigar ko ruwa ba ta taɓa ba). Ilimin ƙwayoyin halitta na karanta, digirina na biyu kuma a kan ciwon dajin babban hanji na yi shi. Ina aiki a ɗakin gwaji na wata hukumar gwamnatin tarayya a nan Abuja. Ban taɓa duba mara lafiya ba. Ƙwayoyin da nake hulɗa da su a cikin faranti suke zaune, ba su da mata, ba su da 'ya'ya, kuma ba sa kuka in an faɗi sakamakonsu. Amma in aka ce Dakta amsawa nake yi, har da gyara zama.

Baffa Isa ƙanin mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina shekara tara, bayan babana ya rasu da abin da aka ce mana ciwon ciki ne. Makaniki ne a Karmo, kuma birki kaɗai yake gyarawa. Yana da wata ɗabi'a da duk dangi suka sani: ko gaisuwa ka je yi masa, ba zai bar ka ka tafi ba sai ya shiga motarka ya taka birki sau uku yana kasa kunne. Matarsa, Inna Rabi, ita ta raine ni tare da 'ya'yanta, ba ta taɓa bambanta kwanona da nasu ba. A lokacin da nake ba da labari saura wata guda da 'yan kwanaki a ɗaura auren autarsu, Bilkisu, wadda ita kaɗai ce 'ya mace a gidan.

Wata Laraba na kai masa motata tana ƙara in na tsaya. Na lura ya rame, wuyan rigar aikinsa ya yi masa yawa, amma na ce gajiyar hidimar biki ce. Da ya gama, sai ya goge hannu, ya zaro wata takarda daga aljihu, an ninke ta gida huɗu, ga shatin yatsansa na baƙin mai a gefe. Ya ce in duba.

Takardar asibiti ce. An zura masa kyamara a hanji, an ga ƙari, an gutsiri nama an auna, daji ne. Bayan wannan kuma an ga 'yan ƙananan tsiro da yawa a bangon hanjin, har likitan ya rubuta a ƙasa cewa a binciki tarihin dangi.

A nan akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai matata. Abin da na fara ji ba tsoro ba ne. Na ɗan lokaci kaɗan, ƙiftawar ido, wani abu kamar murna ya gilma mini, irin wadda ɗalibi yake ji in ya buɗe takardar jarrabawa ya ga tambayar da ya haddace. Bayan nan ne tsoron ya zo. Amma dai murnar ce ta riga, kuma na san haka.

Baffa ya ce ya san abin da ke ciki, likita ya yi masa bayani da Hausa. Yana shirin ƙara wata magana sai ga wata bas ta shigo garejin, direban yana ta danna ham yana kiran oga, wai fasinja na jiransa. Baffa ya karɓi takardarsa ya mayar aljihu.

"Ka zo gida ranar Asabar bayan la'asar," in ji shi. "Akwai magana."

Abin da ban sani ba, kuma ban tambaya ba, shi ne duk duniya daga shi sai likitansa sai ni muka san da takardar nan. Inna ya ce mata basir ne. Ya riga ya tsara abinsa: a yi bikin Bilkisu tukuna, sannan ya faɗa, sannan ya kwanta a yi masa aiki. Burinsa ɗaya ne, kuma ba babba ba ne. Yana so ranar ɗaurin aure ya zauna a ƙofar gidansa cikin babbar riga, mutane su zo su yi masa Allah ya sanya alheri, ba tare da kowa ya dube shi da idon tausayi ba.

Ni kuwa da na ji "akwai magana", sai na fassara ta yadda ta yi mini daɗi. Na ce wato Baffa zai tara iyali, yana so ɗansa masani ya yi musu bayani. Kwana uku na yi ina shiri. Na haɗa hotuna a kwamfuta, na zauna ina neman yadda zan faɗi komai da Hausar da Inna za ta gane. Da dabarar kwatanta abin da birkin mota ta zo mini, sai da na tashi na zaga falo don jin daɗi (a raina har na ga Baffa yana gyaɗa kai, yana cewa karatun nan bai tafi a banza ba). Matata ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta tambaye ni ko na tabbata mutanen gidan sun sani. Na ce mata haba, wane mutum ne zai ɓoye wa matarsa irin wannan? Ta ce to, ta koma kicin. Na tuna har da ɗan tsaki na yi mata.

Ranar Asabar ban jira la'asar ba. Ƙarfe uku ina gidan Baffa a Dutse Alhaji, don in samu lokacin jona waya in gwada komai. Baffa bai dawo daga Karmo ba. Falon cike yake da mata: Inna, Bilkisu, 'yan uwa biyu ko uku, da Maman Ladi, maƙwabciyarsu Bagwariya da suka shekara ashirin katanga ɗaya. Akwai kuma wata dattijuwa mai farin gilashi da ban sani ba, tana zaune a kujerar Baffa. An baje atamfofi a tsakar ɗaki.

Mai hankali da ya ga atamfa ya san ankon biki ake zaɓa. Mai hankali da ya ga baƙuwa a kujerar maigida ya tambayi ko wace ce (gwaggon ango ce, ta zo a daidaita kalar da dangin miji za su sa). Ni abin da na gani shi ne taro ya haɗu. Har na ce a raina, Allah sarki, sun fito da atamfa ne don su ɗauke hankalinsu daga damuwa.

Inna ta kawo mini kunun aya mai sanyi. Bayan mun gaisa ta ce gara da na zo, basir ɗin Baffa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga jiƙo tana ta ba shi amma kullum ƙara zubewa yake, ko akwai wani magani da na sani.

Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da Allah ya buɗe mini in fita da mutuncina. Ta ce basir, da bakinta, a gaban kowa. Amma ni sai na ji tausayinta irin na mai ilimi. Na ce wato an gaya musu, Turancin ne bai zauna ba.

"Inna, ai ba basir ba ne," na ce. "Abin da ya kawo ni ke nan. Ku ba ni minti goma."

Na ɗora kwamfutar a kan tulin atamfofin, na juya ta tana kallonsu, na durƙusa a gefe.

Na fara da cewa bangon hanjin mutum ba ya tsufa, domin cikin 'yan kwanaki ake sabunta shi. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne suke rabuwa gida biyu, sababbi su maye gurbin tsofaffi. Na ce su ɗauki kowace ƙwaya kamar mota: tana da totur da ke ce mata ta rabu, tana da birki da ke ce mata ya isa haka. Birkin nan a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, kuma babba daga cikinsu a hanji shi ne wanda masana ke kira APC. Kowa yana da shi guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kamar birkin ƙafa da birkin hannu. In ɗaya ya lalace mota tana iya tsayawa da ɗayan. In duka biyun suka tafi a cikin ƙwaya guda, to wannan ƙwayar ta daina jin tsaya. Sai ta yi ta rabuwa, 'ya'yanta ma su fito ba birki, su taru su yi ɗan tsiro a bangon hanji.

Na danna hoto na gaba. Na ce tsiron nan ba shi ne ciwon ba tukuna, yana iya shekaru yana zaune, kuma in an gan shi da wuri cire shi ake yi a huta. Amma in an bar shi, wata rana totur ma sai ya maƙale. Daga nan sai a rasa wani mai tsaro da ake kira p53, wanda aikinsa shi ne in ya ga ƙwaya ta lalace ya tsayar da ita a gyara, in ba ta gyaruwa ya sa ta kashe kanta. In shi ma ya tafi, babu sauran mai cewa a tsaya. Ƙarin sai ya huda bangon hanji, ya bi jini, sau da yawa ya sauka a hanta.

Falon ya yi tsit. Wallahi na ji daɗin shirun nan. Na ɗauka irin shirun aji ne in malami ya kama zaren darasi. Na ga Bilkisu ta daina taɓa wayarta, na ce yawwa, har amarya ta ba ni hankalinta.

Maman Ladi ce ta fara magana, da Hausarta ta mutanen Abuja.

"Dakta, wannan abu da kana faɗi, mota ba birki, ba shi ne kansa ba?"

Ni kuma, ɗan Inna, wanda ta goya ta yi wa wanka, na nuna Maman Ladi da yatsa ina murmushi kamar ta ci gasa.

"Madalla. Shi ne. Kin gane ke nan."

Ban dubi Inna ba. Da na dube ta da na tsaya. Idona yana kan dattijuwa mai gilashi, domin ta gyara zama ta matso, kuma ba abin da mai lacca yake so kamar mai sauraro da ya matso. Ta tambaya a hankali ko irin wannan ana gadonsa.

Na ce tambaya mai kyau (har yau in na ji wani ya ce tambaya mai kyau sai in sunkuyar da kai). Na ce yawanci ba gado ba ne, tsufa ne da tsautsayi suke lalata birkin biyu ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai gidajen da ake haihuwar mutum da birki ɗaya a lalace tun daga ciki, a kowace ƙwaya ta jikinsa, saura ɗaya kawai yake tafiya da shi. Irin waɗannan su ne ake samu da tsiro da yawa, kamar yadda aka gani a takardar Baffa. Kuma kowane ɗa da mutum ya haifa, ko dai ya ɗauko mai kyaun ko ya ɗauko lalataccen, rabi da rabi ne.

Sai na buɗe hoton da na fi alfahari da shi. Zanen zuriyarmu ne na yi da kaina. Ga kakarmu a sama, wadda ita ma aka ce ciki ne ya kashe ta. Ga babana, na ja layi a kan sunansa alamar ya rasu. Ga Baffa, na cika akwatinsa da baƙi. Ga 'ya'yansa maza biyu a ƙasa, ga Bilkisu, kowanne da alamar tambaya a kansa. Na nuna wa gwaggon ango sunan amaryar ɗanta da alamar tambaya ja a kai, da bakin biro.

Wani sauti Bilkisu ta yi, ba kuka ba, kamar wadda ruwa ya sarƙe. A nan ne na juya. Inna tana riƙe da atamfa guda, tana ninkewa tana warwarewa, tana ninkewa tana warwarewa, idonta a kan hoton. A lokacin ne maganar matata ta dawo mini, kalma bayan kalma.

Sai muka ji sallama.

Baffa ne a bakin ƙofa da ledar lemo a hannu. Ya dubi kwamfutar, ya dubi baƙuwar, ya dubi matarsa. Ni bai dube ni ba. Ba wanda ya amsa sallamar sai Maman Ladi.

"Malam, gaskiya ne?" in ji Inna.

"Gaskiya ne."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

Ta tashi ta shige ɗaki da atamfar a hannunta, Bilkisu ta bi ta. Matan suka fara neman takalma. Gwaggon ango ta yi wa Baffa Allah ya sawwaƙe cikin ladabi, ta ce za su yi waya. Ni kuma ina durƙushe ina kokawa da kwamfuta. Na danna ta mutu ta ƙi, zanen yana nan ɓaro-ɓaro. Na rufe ta da ƙarfi na tashi, ashe wayar cajin ta naɗe da atamfa, na jawo tulin gaba ɗaya ya zube, kofin kunun ayan ya kife a kai. Na tsuguna ina goge kunu da hannun rigata, ina cewa sannu, sannu, ban ma san wa nake yi wa sannun ba.

Baffa ya ajiye ledar lemon ya ce in zo. Na bi shi waje ina jiran faɗa, har ina fatan ya mare ni, don da na samu sauƙi. Ya miƙo hannu na ba shi makulli. Ya shiga motata wajen direba, na zagaya na zauna a gefensa. Ya taka birki sau uku yana saurare, ya ce ya zauna daidai.

Ana ta kiran la'asar a masallatan unguwa. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

Ya ce ya daɗe a bakin ƙofa, ya ji rabin bayanin, kuma ko likitan bai fayyace masa haka ba. Maganar birkin hannu da na ƙafa ta shige shi sosai. Sai dai, in ji shi, su a gareji kafin su kwance birkin mota sai sun fara sa wa taya dutse, sun tabbata ba kowa a gabanta, don mota in an kwance mata birki gangarawa take yi ta bi ta kan wanda bai san ana aiki ba.

Sannan ya gaya mini abin da ya so. Ya faɗe shi ba tare da ɗaci ba, kuma wannan ya fi mari ciwo.

"Kwana talatin da biyar kawai nake nema, ɗana. In zauna a ƙofar gidan nan a ce mini Allah ya sanya alheri. Yanzu kowa ya zo, ya jiki zai ce."

Na kifa kai a kan gwiwa na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar babana. Ya bar ni na yi. Da na lafa ya ce ba don iyali ya kira ni ba, magana biyu ce tsakanina da shi. Ta farko, a al'ada ɗan'uwan uba ne yake ba da auren 'ya, ga shi yayansa ba ya raye, don haka ni yake so in zauna a madadin babana in ba da auren Bilkisu. Ta biyu kuma, da likita ya tambaye shi yadda yayan nasa ya rasu, ya ce duk wanda ya fito daga tsatson nan ya je a duba shi, kuma ni ne babba.

"Na duba zanen nan naka," in ji shi. "Na ga kowa. Ban ga sunanka ba."

Gaskiya ne. Kwana uku ina zanen nan. Na sa babana, na ja masa layi, ban ja ko ɗan zare daga shi zuwa ƙasa ba. Shekara nawa ina karanta ciwon nan, na rubuta kundi a kansa, ban taɓa zama na haɗa shi da ciwon cikin da ya kashe ubana ba. A ganina mai riƙe da biro ba ya cikin zane.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Inna ta rantse ba za a yi biki ba sai an yi masa aiki, Bilkisu ta goyi bayanta, Baffa ya bi. Da aka buɗe shi aka tarar abin ya riga ya isa hanta. Dangin ango sun yi mako guda shiru, har muka fara zargin an fasa, sai ga yaron da kansa ya zo ya ce shi yana nan, kuma shi ya raka Bilkisu asibiti aka duba ta. Hanjinta fes, na yayyenta ma haka, an dai ce su riƙa komawa.

An ɗaura auren bayan wata biyu da ranar da aka sa da farko. Ni na ba da ita a masallaci, bakina yana harɗewa. Da muka dawo an fito da Baffa an zaunar da shi a kujera a ƙarƙashin rumfa, cikin babbar rigar da ya ɗinka tun kafin ciwon, ta yi masa yawa har hannunsa ya ɓace a ciki. Na tsaya a bayansa. Mutane suka yi layi, makanikan Karmo, direbobi, maƙwabta, 'yan uwa daga gida. Kowa ya iso sai ya rage murya, ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya ce ya jiki, Malam Isa, Allah ya ƙara sauƙi. Yana amsawa da sauƙi, da sauƙi, alhamdu lillahi. Kowace ɗaya na ji ta a ƙirjina, domin na san wanda ya jawo ta.

Da layin ya ragu na zagayo na durƙusa a gabansa, na ce Baffa, Allah ya sanya alheri. Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce amin. Sannan ya sunkuyo.

"Ka je?"

Ban je ba. Na ce masa aiki ya yi yawa, wata mai zuwa in sha Allahu. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ni da na tsaya a gaban mata ina nuna hanji da biro, na kasa kai nawa a duba. Ya tambaye ni sau biyu bayan nan, a kan gadonsa, ina ba shi amsa iri ɗaya. Ya rasu da damina, wata huɗu bayan bikin, ban je ba.

Sai bayan sadakar bakwai na je. Aka ba ni maganin wanke ciki na wuni ina zarya, aka sa mini rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya, ga ni Dakta guda ina tafe ina riƙe da ita da hannu ɗaya kada a ga abin da ba a nema ba. Da na farfaɗo, likitar, wata mata mai sanyin murya, ta zo da takarda a hannu. Na gyara kwanciya zan nuna mata ni ma ɗan gida ne. Ba ta buɗe takardar ba. Ta ja kujera ta zauna, ta tambaye ni ko ina so in ji ni kaɗai, ko a kira matata, kuma wa nake so ya sani, wa ba na so. Tambayar ba ta kai minti ɗaya ba. Na juya fuska bango don kada ta ga idona.

Tsiro goma sha ɗaya ta samu. Babu wanda ya riga ya zama daji, ta cire su duka, ta ce duk shekara sai na dawo, wataƙila wata rana a yi maganar babban aiki. Cikin mu huɗu da muka taso a gidan Baffa, wanda bai sa kansa a zanen ba shi ne ya ɗauko lalataccen birkin.

Inna ba ta taɓa tayar mini da maganar Asabar ɗin nan ba. Sau ɗaya kawai, muna zaune tana tsince shinkafa, ta ce da ban yi suɓul da baka ba da ta ci gaba da ɗura masa jiƙon basir tana yi masa faɗan rashin cin abinci. Ban sani ba ko yafiya ce ko ta faɗa ne don in samu barci. Atamfar da ta shiga ɗaki da ita dai tana nan a akwatinta, ba ta ɗinka ba. Har yanzu Dakta take ce mini, ni ne dai na daina gyara zama.

Yanzu a wurin aiki an san ni da wata ɗabi'a da abokai ke yi mini dariya a kai. Duk wanda ya miƙo mini takardar asibiti, ta ɗan'uwa ce ko ta maƙwabci, ba na buɗewa sai na tambaye shi wa ya sani, wa kuma bai sani ba, kuma me yake so in yi da ita. Digiri biyu na yi ba a koya mini wannan ba, sai da na kifar da kunun aya a kan ankon ƙanwata. Kullum da safe kuma kafin in fita, nakan taka birki sau uku in kasa kunne. Ba na jin komai, don ban san abin da Baffa yake saurare ba. Na yi shekara ashirin ina kallonsa yana yi, ina ta ba shi labarin abin da na karanta, ban taɓa tambayarsa ba.